Godiya ga jama'ar da suka cika mana falo a watan Yuni

Assalamu alaikum. Tun da an zaga gari da kofin ƙwallon kwando na NBA da ƙungiyarmu Thunder ta ci a nan Oklahoma City ranar 24 ga Yuni, 2025, kowa kuma ya koma bakin aikinsa, bari in sauke nauyin godiya ga waɗanda suka mai da ɗan falonmu gidan kallo.

Uwargida, ke ce farko, Allah ya saka miki da alheri. Wasan farko na ƙarshen gasar NBA ya faɗo ranar Arfa, 5 ga wata, jama'a na azumi, aka sha ruwa ana tsakiyar wasa. Ga aikin salla yana jiranki washegari, amma kunu da ƙosai ba su yanke ba. Daren nan ne Tyrese Haliburton na ƙungiyar Indiana, abokiyar karawarmu, ya jefa ƙwallo ana saura daƙiƙa 0.3 a tashi, Indiana ta ci 111 da 110, alhali ba ta taɓa shiga gaba ba tun da aka fara. Naman sallar bana da ɗaci-ɗaci muka ci shi.

'Yan'uwanmu na Kamaru, kun zo gidan magoya bayan Thunder kuna yi wa ɗan ƙasarku Pascal Siakam na Indiana kirari, kuka ci tuwonmu, kuka yi mana dariya son ranku. Mun yafe, mun kuma gode. Amma a wasa na 7, ranar 22 ga wata, da agarar Haliburton ta tsinke tun a zangon farko, babu wanda ya yi murna a cikinmu. Duk da haka sai da Indiana ta tafi hutun rabin lokaci tana gaba da maki ɗaya, kafin Thunder ta ci 103 da 91. Masu cewa sa'a ce, su tuna ƙungiyar nan ta ci wasa 68 a kakar bana, ɗan wasanta Shai Gilgeous-Alexander kuma shi ne gwarzon kaka, shi ne na wasannin ƙarshe. Kofin ya cancanta. Na dai so a ce da ƙafafun Haliburton biyu muka doke su.

Baba maƙwabcinmu, mutumin Edmonton, kai ka zaunar da mu ka koya mana hoki na kan ƙanƙara, har muka daina tambayar ina ƙwallon ta shiga. Florida ta raba ƙungiyarku ta Edmonton da kofin Stanley shekara biyu a jere, 5 da 1 a wasa na 6, Sam Reinhart na Florida shi kaɗai ya ci huɗu. Rabon wata ƙungiyar Kanada da kofin nan tun 1993. Allah ya ba da haƙuri, Baba.

Ɗalibanmu da suka nace sai an kalli besbol na jami'o'i da ake yi a Omaha, har yau wasan yana min tsawo. Sai dai na jinjina wa Kade Anderson na jami'ar jihar Louisiana (LSU), wanda ya yi jifa shi kaɗai daga farko har ƙarshe, jami'ar Coastal Carolina ba ta samu ko maki ɗaya ba. Washegari LSU ta ɗauki kofinta na 8.

Ƙannena na gida da ke tashi ƙarfe ɗaya na dare kuna ta turo saƙo a WhatsApp, Allah ya yi muku albarka.

Akwai kuloli da faranta da aka bari a kicin, an wanke su. Masu su a zo a ɗauka bayan sallar Juma'a.