Karya 'yar wata takwas ba ta isa barbara ba

Jiya bayan la'asar wani ƙanina na unguwa ya same ni a ƙofar gida nan Hanwa, ko gaisawa ba mu gama ba ya ce "Yaya, karyata ta fara jini, dan Allah ka ba ni aron karenka kafin lokacin ya wuce." Na ce watanta nawa? Ya ce takwas. Na jawo masa benci na ce zauna tukuna, kare kam ba zan ba ka ba, amma zan gaya maka dalili.

Abin da ke ruɗin mutanenmu shi ne, da zarar sun ga gabanta ya kumbura tana ɗigar jini, karnukan unguwa sun fara zarya a bakin get, sai su ce ai ta isa. Karya takan fara wannan tun tana wata 6 zuwa 12, manyan iri kamar Alseshiyan da Rotwaila da Bobul ɗin nan na Afirka ta Kudu wani lokaci sai sun haura shekara. Amma jikinta fa bai gama ginuwa ba, ƙashinta bai gama ƙwari ba, ƙugunta bai gama buɗewa ba, ita kanta har yanzu kwikwiya ce mai tauna takalmi. Manyan karnuka sai wajen wata 18 zuwa shekara 2 suke cika girma.

Ni ba a littafi na fara sanin wannan ba, a kan Zakanya na sani, karyata ta farko. Tana wata tara na bari aka yi mata barbara saboda kwaɗayin 'ya'ya, kwana 63 kamar yadda aka saba ta haihu cikin dare a bayan kicin, guda shida. Wallahi har yau ina ganin idonta, ta tsaya tana kallonsu kamar ba daga jikinta suka fito ba, ko lasar su ba ta yi ba, ni ne na riƙa yage jakar da ke fuskarsu ina goge su da tsohon tawul da fitilar waya a bakina. Kafin gari ya waye ta kwanta a kan biyu. A sati na uku kuma ina dawowa daga kasuwar Sabon Gari na tarar da ita tana karkarwa tana haki, ƙafafunta sun sandare, na ɗauke ta a Keke Napep sai wajen likitan dabbobi. Ya ce kalsiyam ɗin jininta ne ya faɗi saboda shayarwa, da na ƙara jinkiri da an rasa ta. Ta rayu, amma ba ta ƙara cika ido ba, ta tsaya 'yar firit haƙarƙari a waje. Laifina ne, kuma har gobe abin na damuna.

Shi ya sa yanzu jinin farko ba na ko kallonsa, na biyu ma yawanci na kan bar shi ya wuce. Tunda kusan duk wata shida abin ke dawowa, a na uku ta kusa shekara biyu ke nan, to a nan ake fara magana. Ko a Ingila ƙungiyar da ke rajistar karnuka ba ta karɓar 'ya'yan karyar da aka yi wa barbara ba ta cika shekara ba, haka wadda ta kai shekara 8, ko wadda ta riga ta yi haihu huɗu. Mu nan kuwa sai ka ga mutum duk zagaye sai ya haɗa ta, ba hutu, kamar injin niƙa.

Kuma shekaru kaɗai ba su wadatar ba. Kafin a kai ta a tabbatar ta yi allurar haukar kare da ta fabo, cutar nan mai gudawar jini da ke share kwiyakwiyai gida guda cikin 'yan kwanaki, a ba ta maganin tsutsar ciki, a raba ta da kaska. Mu a Zariya ma ba mu da uzuri, ga asibitin koyarwa na dabbobi na ABU nan a Samaru. Shi ma namijin a duba shi da kyau, akwai wani tsiro mai jini da ke fitowa a gaban kare wanda ta barbara ake ɗaukarsa, ya yi yawa a karnukan da ke yawo sakaka. In kare na ɗingishi da ƙugu ko yana da mugun hali na cizon yara, kar a haɗa shi ko da kuwa kyansa ya kai ina, irin wannan yana bin jini.

Wani abu da ke ci min rai, idan kare da karya sun maƙale da juna wajen barbara sai yara su taru da duwatsu, wani ya kawo ruwa ya watsa. Haba jama'a. Halittarsu ce haka, cikin minti 5 zuwa 30 za su rabu da kansu, in ka raba su da ƙarfi ka ji musu ciwo duka biyun. Addinin da ya yarje mana ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da gona shi ne ya ba mu labarin wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare ruwa.

Sai na tambayi ƙanin nawa, to in ta haifi bakwai ina za ka kai su? Ya yi shiru. Sati 8 ya kamata su yi a gindin uwarsu kafin a raba su, ga abinci da tsada, ga allurai, ga wanda zai karɓa ya ɗaure a rana ba ruwa. In ba ka da hannun kirki da ke jiransu tun kafin a haɗa, gara a bar ta, ko ma a yi mata aikin hana haihuwa kowa ya huta.

Bai ji daɗi ba, na gani a fuskarsa. Amma yau da safe ya kira ni, na je Palladan muka toshe ramin da ke ƙasan katangarsa da bulo biyu, muka ƙara waya a saman kejin, na ce sati uku cur kar ta leƙa waje ko da rakiya ce, don namiji daga nesa yake jin ƙanshinta kuma katanga ba ta tsayar da shi. Ya rubuta ranar da ta fara jinin a bayan kalandar shagonsa, ita kuma tana gefe tana ta fama da wani tsohon silifas.