Alhamis, 25 ga Satumba: Tunkiya cikin kabeji

Yau na dafa abincin da babu albasa a cikinsa, babu mai, babu attaruhu, babu dunƙule. Ga shi ƙarfe goma na dare, ƙamshinsa bai bar labulen falo ba.

Tun makon jiya tsohuwar da ke hawa na biyu ta tare ni a bakin ƙofa, ta ce Alhamis ta ƙarshe a Satumba ita ce ranar fårikål, kuma bana ba za ta bari ta wuce ni ba. Ana furta shi kamar "forikol", ma'anarsa tunkiya cikin kabeji. Ta ce a 1972 masu sauraron rediyo suka zaɓe shi abincin ƙasar Norway, da aka sake ƙuri'a a 2014 shi dai ya sake zuwa na ɗaya. Sharaɗi guda na kafa mata: ni zan kawo naman, saboda yanka. Ta amince nan take. Ta sha ce min in kira ta da sunanta kamar yadda suke yi a nan, bakina ya kasa. Mama nake ce mata, yanzu ta saba tana amsawa.

Da safe na naɗe wa yara burodi da brunost, cukun nan mai ruwan ƙasa da zaƙi kamar alewar madara, suka tafi makaranta. Ni kuma na nufi Grønland, unguwar Oslo da mahautan halal suka fi yawa. Ina ambatar fårikål mahaucin ya gane, ya sara min kilo ɗaya da rabi na wuya da kafaɗa da haƙarƙari, da ƙashi da kitsensu. A wani shago na ga busasshen kifin da ake shanyawa a kan itace a tsibiran Lofoten, wanda Inyamurai ke kira okporoko a kasuwar Sabon Gari. Na ɗan tsaya ina kallonsa. Ya riga ni zuwa Kano daga nan, ni kuma na taho garinsu.

Ƙarfe ɗaya na sauka wajen Mama. Ta ciro wata tukunyar ƙarfe mai nauyi, ta ce ta mahaifiyarta ce. Muka yanka kabeji manya-manya, kowane ƙulli gida takwas. Ta jera nama a gindin tukunya, gefen kitse a ƙasa, ta barbaɗa gishiri da ƙwayoyin masoro da ba a daka ba, ta ɗora kabeji, sai nama, sai kabeji, har tukunya ta cika. Ruwa kofi ɗaya da ɗan ƙari. Ta rufe.

"Shi ke nan, Mama?"

"Shi ke nan, 'yata. Kar ki juya, kar ki yi ta buɗewa."

Wallahi hannuna ya yi ta ƙaiƙayi. A gidanmu an koya min cewa nama sai an tafasa shi da albasa da citta da tafarnuwa kafin ƙarni ya fita. Na faɗa mata haka. Ta ce tumakinsu a kan duwatsu suke yin bazara, ba makiyayi, ba igiya, suna cin ciyawa da ganyayen daji, sai Satumba a bi su a tattaro. Shi ya sa wannan watan ne lokacin abincin: nama sabo, kabeji sabo daga gona. Ta ce idan na cika masa kayan ƙamshi, dutsen zan rufe. Wannan maganar ta zauna min, don na tuna bambancin ragon da ya yi kiwo a daji da na turke, wanda kowa a gida ya sani ranar Babbar Sallah.

Awa biyu da rabi yana kan wuta kaɗan-kaɗan. Muka fere dankalin turawa muka dafa shi daban. Ta ba ni labarin gonar da ta tashi a ciki, inda ba a zubar da komai na dabba: cinya a sa mata gishiri a shanya ta zama fenalår, haƙarƙari ya zama pinnekjøtt na Kirsimeti. Na ce mata mu ma muna da kilishi da dambun nama. Ta sa na maimaita "kilishi" sau uku har ta iya.

Ƙarfe biyar, lokacin cin abincinsu, Baban yara ya dawo muka zauna. Naman yana saɓulewa daga ƙashi da kansa. Kabejin ya shanye kitse ya yi laushi, ya yi wani zaƙi da ban taɓa sanin yana da shi ba, romon kuma kamar farfesun da aka cire masa zafi aka bar masa nama zalla. Masoron ne kawai ke ɗan cizon harshe. Na zo da kwalbar yaji a jaka, ban ciro ta ba. Ƙaramar ta tsince masoro ta jera a gefen faranti, babban ya nemi ƙari. Da muka gama suka ce mata "takk for maten", godiyar da ake koya wa kowane yaro a nan, idanunta suka ciko.

Ta juye min sauran a roba. Ta ce fårikål ya fi daɗi idan ya kwana. Na ce mata mu ɗumame muke kiran wannan, kuma gobe da safe zan kai mata nata da zafinsa.