Wasiƙa daga Boulder: ita ma RNA tana aikin enzayim

Assalamu alaikum 'yan uwana na gida, musamman ku ƙannena masu karatun bayoloji da kemistiri, ya karatu, ya jama'a?

Daga Boulder ta jihar Kolorado a Amurka nake rubuto muku. Har yau akwai azuzuwan da ake haddace cewa duk enzayim, wato abin da ke hanzarta haɗuwa ko rabuwar sinadarai a jiki, furotin ne, to wannan magana ta tsufa, kuma a garin nan aka fara rushe ta. A 1982 Thomas Cech da ɗalibansa suna bincike kan wata 'yar halittar ruwa, Tetrahymena, sai suka ga RNA ɗinta, wato 'yar uwar DNA, tana yanke wani yanki daga jikinta da kanta ta sake haɗe sauran, ba furotin ko ɗaya a wajen. A 1983 Sidney Altman na Yale ya nuna a wani enzayim mai suna RNase P ma RNA ce ke yankan, shi da Cech aka ba Nobel a 1989.

Abin da yake ƙayatar da ni wallahi shi ne yadda take yi. Tubalinta huɗu ne kacal, furotin kuwa ashirin, amma sai ta naɗe kanta ta yi wani ɗan lungu, magnesiyam ya zo ya danne cajin fosfet ɗin da yake sa sassanta ture juna, sannan ta kamo abin da za a yanka ta saita shi daidai inda wani OH (oksijin haɗe da haidurojin) zai kai wa fosfet hari. Kamar dillali ne a kasuwa, shi dai ya haɗa mai saye da mai sayarwa fuska da fuska, ciniki ya faɗa nan take. Wasu RNA ɗin kuma, irin na ƙwayar hepatitis D, har furoton (haidurojin mai caji, ba furotin ba) suke miƙawa da kansu.

Babbar cikinsu tana jikinku yanzu haka, raibosom, mai haɗa duk furotin ɗinmu. A 2000 Thomas Steitz da Peter Moore suka fito da hotonta, aka ga wurin haɗa amino asid RNA ce zalla. Kuma daidai wannan wurin chloramphenicol, da aka daɗe ana ba masu taifot a gida, yake zuwa ya toshe a jikin bakteriya. Raibosom ɗin mitokondiriyarmu, wato sashen ƙwayoyin jikinmu mai samar da kuzari, tana kama da ta bakteriya, shi ya sa maganin kan taɓa ɓargo ya rage jini, dan Allah kar a sha sai likita ya rubuta.

Ku gaida malamanku da kyau.

Naku,
ɗan uwanku a Boulder