Gasar matasa ta UFOA-B da yaran Damagaram

Har yanzu ina tuna gasar ƙwallon ƙafa ta 'yan ƙasa da shekara 20 ta shiyyar UFOA-B (rukunin B na ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Afirka ta Yamma) da aka buga a Yamai a watan Mayun 2022, wadda Najeriya ta lashe bayan ta doke Benin da ci 3 da 1. Ƙasashe 7 ne a shiyyar, amma biyun da suka kai wasan ƙarshe kaɗai suka samu gurbin gasar Afirka ta 2023 a Masar, shi ya sa rashin Mena, tawagarmu ta Nijar, a cikinsu ya yi mana ciwo ƙwarai.

A fadarmu ta unguwar Birni muka bi wasannin, ana zuba shayi, yara sun tsaya a bayanmu da ƙura a ƙafafunsu domin daga fili suka taso. Su ne suka fi tsaya mini a rai. Yaron da ke murza ƙwallo ba takalmi a Zango ko Garin Malam yana da basira, sai dai tsakaninsa da filin wasa na Seyni Kountché da ke Yamai akwai tafiyar kusan kilomita 900, kuma ba kullum masu zaɓen 'yan wasa ke zuwa nan ba. Ina roƙon FENIFOOT, hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijar, ta riƙa shirya gwajin matasa a Damagaram kowace shekara, kafin a fitar da sunayen tawaga.