Farantin gindin kyamara: kurakuran da na yi kafin na iya zaɓensa

A shekarata ta biyu da fara koyon ɗaukar hoto, na tara kuɗi na sayi sandar kyamara mai ƙafa uku ta hannu, wadda ke da kai mai ƙwallo, irin wanda ake sassauta murɗi ɗaya kyamara ta juya duk inda ake so. Sandar ta zo ba tare da farantinta ba, wato ɗan ƙarfen nan da ake ɗaurewa a gindin kyamara da noti, sannan a sa shi cikin mamatsin da ke saman kan. Ban ɗauki rashinsa a bakin komai ba. Na shiga wani shago a cikin gari, aka zube mini faranti biyar ko shida a kan teburi, na ɗauki wanda ya fi kama da hoton da na gani a waya, wanda kuma shi ne mafi araha a cikinsu. Ban je da sandar ba, ban je da kyamarar ba.

Ranar Hawan Daushe na fita da kayan. Na samu gurbi a kusa da Ƙofar Kudu, na kafa sandar a cikin cunkoso, na sa farantin a mamatsi, na rufe libar da ke kulle mamatsin har ta kwanta, na ɗauka magana ta ƙare. Da mahaya suka ƙarato, sai na sunkuyar da kyamarar domin in kama ƙafafun dawakai da ƙurar da suke tayarwa, nan take na ji ta sulale gaba kamar an tura ta. Igiyar da na naɗe a wuyan hannuna ce ta tare ta, amma duk da haka bakin gilashin da ke gaban kyamarar, wato lens, ya bugi ƙafar sandar, murfin da ke kare shi daga rana ya tsage. Kyamarar kuwa ba tawa ba ce, ta maigidana ce. Da na je masa da bayani da daddare, ya juya farantin a hannunsa, ya sa shi a mamatsin, ya rufe, ya ture shi da babban yatsa kawai ya fita. Ya dube ni ya ce, "Kai yaro, ka taɓa ganin an sayo takalmi ba a je da ƙafa ba?" Na ce, "A gafarce ni, Maigida." Bai ƙara cewa komai ba, amma wata guda ban sake riƙe kyamararsa ba.

Abin da ban sani ba a lokacin, ƙannena, shi ne farantan nan gida-gida ne, kuma kama da wane ba ta wane. Gidan da ya fi yaɗuwa a kan masu ƙwallo shi ne wanda ake kira Arca-Swiss, da sunan kamfanin da ya fito da tsarin. Faɗin farantinsa wajen milimita 38 ne, gefunansa biyu a sassaƙe suke a karkace da digiri 45, domin haɓoɓin mamatsi su kama su kamar yadda kafinta ke haɗa katako biyu su sarƙe. Kamfanoni masu yawa suna ƙera faranti a kan wannan tsari, sai dai kowa da awonsa, wani ya ɗara kaɗan, wani ya gaza da abin da bai kai milimita ɗaya ba. Idan mamatsinka mai murɗawa ne, wannan bambanci ba ya cutar da kai, domin za ka ci gaba da murɗawa har ya kama. Idan kuwa mai liba ne irin nawa, to libar tana rufewa ne a iyakar faɗin da aka saita ta, ta kwanta lafiya lau ko da farantin yana wasa a ciki. Yawancin masu liba suna da ɗan notin da ake saita faɗin da shi, amma ni ban ma san da zamansa ba sai bayan da ɓarna ta auku.

Gida na biyu da za ka yawaita gani a hannun masu ɗaukar biki shi ne na Manfrotto, kamfanin Italiya, wanda ake kira RC2, farantinsa kuma 200PL. Shi ba zura shi ake yi ta gefe ba, ana dasa shi ne daga sama ya danna wani ɗan maɓalli, libar ta koma ta kulle da kanta. Yana da sauri ƙwarai, amma ba ya shiga mamatsin Arca, na Arca ma ba ya zama a nasa, in ban da nau'in da suka fitar daga baya mai suna 200PL-PRO, wanda aka yi shi domin ya hau duka biyun. Na taɓa shafe shekara ina da sanda biyu, kowace da gidanta, kullum ina kwance faranti ina ɗaura wani a tsakiyar aiki, ango da abokansa suna tsaye suna jirana. Da na san haka tun farko, da na tsaya a gida ɗaya. A ra'ayina Arca ya fi dacewa da mai farawa, ba don ya fi kowa inganci ba, sai don ko'ina ka je za ka samu abin da ya hau shi.

Maganar noti gajeriya ce. Ramin da ke gindin kusan kowace kyamara na notin rubu'in inci ne, mai zare 20, wato layukan nan da suka zagaye jikin noti, a kowane inci, wanda ke haɗa kai da sanda kuwa yawanci uku bisa takwas na inci ne mai zare 16, don haka kada ka rikita su. Ka lura da tsawonsa, domin littattafan kyamarorin Sony suna gargaɗi da kada a yi amfani da notin da ya kai milimita 5.5, saboda dogon noti yana tokare ƙarshen ramin kafin farantin ya manne, in ka matsa masa kuma ya yi wa kyamarar lahani. Sannan ka duba yadda ake ɗaure shi. Akwai mai zobe da ake murɗawa da hannu, akwai na alanki, wato ɗan lanƙwasasshen ƙarfen nan mai kusurwa shida da ake sawa a ramin kan noti, akwai mai tsaga da aka yi domin a sa sulalla a juya, wanda a ƙasarmu da sulalla ta ɓace daga aljihu sai dai ka nemi mukulli ko cokali. Na fi son wanda ya haɗa zobe da ramin alanki.

Kuskurena na biyu ya fi na farko daɗewa yana damuna, domin a hankali yake cin mutum. Hotunan amarya da na ɗaiɗaikun mutane a tsaye ake ɗaukarsu, wato sai ka kwantar da ƙwallon cikin tsagar da ke gefen kan, kyamara ta rataye a gefe ɗaya. A wannan hali nauyin gilashi yana jan kyamarar ƙasa, ita kuma tana juyawa a kan noti ɗaya tak, babu abin da ke hana ta sai 'yar robar da aka liƙa a saman farantin. A zafin Kano na watan Afrilu, gam ɗin da ke riƙe robar yana laushi, robar ta zame, ka saita fuskar amarya a tsakiya, kafin ka danna sai ka ga silin ya koma gefe. Maganin da na yi wa abin a lokacin shi ne ƙara ɗaure notin da filaya, kuma wannan ganganci ne, domin zaren da ke gindin kyamara idan ya mutu, gyaransa ya ninka kuɗin faranti sau da yawa. Magani na gaskiya shi ne faranti mai ɗan leɓe a baya, wanda ke tokare jikin kyamarar ya hana ta juyawa, ko wanda aka ƙera musamman domin samfurin kyamararka. Wanda ya fi su duka shi ne mai siffar harafin L, da ke rungume gindi da gefen hagu, ta yadda idan kana son hoton tsaye sai ka cire kyamarar ka mayar da ita ta gefe, nauyinta ya zauna daidai a kan tsakiyar sandar. Yana da tsada, yana ƙara nauyi, kuma idan ba na samfurinka ba ne yana iya toshe wurin sa wayar makirufo ko ya hana allon baya buɗewa sosai, don haka mai ɗaukar bidiyo ya gwada kafin ya biya.

Haka nan ka juya kyamarar ka dubi murfin batir bayan ka ɗaura farantin. Na taɓa sayen mai faɗi wanda ya rufe rabin murfin, sai ya zama duk lokacin da batir ya ƙare a wurin walima, dole in lalubo alanki a jaka in kwance komai.

Idan ka kai matsayin riƙe dogon gilashi, irin 70-200mm mai f/2.8 wanda nauyin da yawa daga cikinsu ya kai wajen kilo ɗaya da rabi, to faranti ba a gindin kyamara zai zauna ba. A ƙafar zoben da ke jikin gilashin ake ɗaura shi, kuma dogo ake nema, domin ka samu damar matsar da shi gaba ko baya har nauyin ya daidaita, ƙwallon ya daina sunkuyawa da zarar ka sake shi. A ƙarƙashin irin waɗannan farantai za ka ga ƙananan notuna biyu, ɗaya a kowane ƙarshe. Na taɓa cire nawa don ina ganin suna hana ni zurawa da sauri, alhali aikinsu shi ne su tokare a cikin mamatsi idan ya sassauta, wato ainihin abin da, da yana nan, da ya hana kyamarar maigidana sulalewa a Ƙofar Kudu.

Yanzu idan zan sayi faranti, nakan kwance kan daga sandar in sa shi a jaka tare da kyamarar. A shagon nakan zaɓi na alminiyam in bar na roba, in ɗaura shi, in kulle mamatsin, in tura da babban yatsa kamar yadda na ga maigidana ya yi, sannan in rataya igiyar a wuyana in kwantar da kyamarar gefe na ɗan lokaci in ga ko za ta juya. Mai shago yakan gaji da ni, wani ma ya tambaye ni ko mota nake saye. Idan ya zauna daram, guda biyu nake ɗauka, domin faranti yana bin kyamarar da aka ara ya tafi, kuma sau uku ke nan ana dawo mini da kyamara babu shi.