Kafin ka ɗora uwar garke a kan kwamfutar gida

Ranar Asabar da ta wuce na je gaishe da ƙanwata, sai na tarar da babban ɗanta a falo ya jawo kwamfutar tebur ta gidan, ya soka mata filashi, yana kallon wani bidiyo a wayarsa yana bin mai bidiyon sau da ƙafa. Na tambaye shi me ake ciki, ya ce, "Kawu, uwar garke zan haɗa mana a gida." Uwar garke ita ce kwamfutar da take adana fayiloli tana yi wa sauran na'urorin gida hidima. Proxmox, wata manhajar tafiyar da uwar garke, yake son ɗorawa, sannan a cikinsa ya sa Nextcloud domin hotunan gida da Jellyfin domin finafinai. Da na leƙa fuskar kwamfutar sai na ga har ya kai shafin da ake zaɓar faifan ajiyar da za a ɗora manhajar a kai, kuma faifai ɗaya ne tak a jerin. A cikin wannan faifan lissafin shagon mahaifiyarsa na shekara shida yake, tare da aikinsa na kammala makaranta. Na ce ya janye hannunsa daga kan linzamin. Ya ce ai mai bidiyon bai ce wani abu zai goge ba, alhali ga gargaɗin nan a rubuce a gabansa, cewa duk abin da ke cikin faifan zai tafi.

Ban yi masa tsawa ba, domin da idona na taɓa karanta irin wannan gargaɗi, kuma da hannuna na danna na wuce.

A shekarar 2009 ina da ɗan shagon buga takardu da gyaran hotuna, da kwamfuta huɗu. Wani abokina ya kawo mini faifan gwaji na Windows Home Server, manhajar da Microsoft ta fitar a 2007 a kan tubalin Windows Server 2003. Abin da ya ja hankalina shi ne tana iya kwafe abin da ke cikin kwamfutoci har goma a kowane dare ta adana, kuma tana haɗa faifai da yawa su zama kamar rumbu ɗaya. Ga mutumin da kullum yake yawo da filashi daga wannan tebur zuwa wancan, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na zaɓi kwamfutar da ta fi ƙarfi a shagon, wadda take da faifai biyu, ƙarami mai giga 80 da babba mai giga 250. A babban nake tara aikin mutane: hotunan bukukuwa da ba a riga an karɓa ba, da kundin digiri na biyu na wani malami wanda muka shafe wata biyu muna bugawa, da kuma, a wani lungu, sautin muryar mahaifina da na ɗauka yana ba da tarihin zuwan kakanmu garin, shekara guda kafin rasuwarsa.

Lissafina shi ne manhajar za ta zauna a ƙaramin faifan ta ƙyale babban, kamar yadda na saba gani idan ina ɗora Windows XP. Ita kuwa ba haka aka gina ta ba. Duk faifan da ta samu a cikin kwamfutar a lokacin ɗorawa nata ne, za ta yi masa fomatin ta zuba shi a rumbunta. Ba ta ɓoye mini wannan ba. Ta jero faifan biyu, ta ajiye wani ɗan akwati a ƙasa wanda sai mutum ya sa masa alamar ya yarda komai zai goge kafin ta ci gaba, ni kuma na sa alamar. Har yau ina iya ganin akwatin, da ƙarar janareta a bayan shago, da yaron shagona yana gaya mini man da ya rage ba zai kai awa ɗaya ba.

Na daɗe ina ɗora laifin a kan wannan man fetur, kuma ban ce ba shi da nasa kason ba, domin wanda yake aiki yana sauraron numfashin janareta ba ya karatu da natsuwa. Na kuma sha gaya wa kaina cewa a lokacin babu wanda zan tambaya, intanet ɗinmu na tafiyar hawainiya ne, kuma kwamfutar ram ɗinta giga ɗaya ne kacal. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai akwai wata gaskiyar da nake tsallakewa idan ina ba da labarin: VirtualBox ta fito kyauta tun farkon 2007, Virtual PC 2007 ma kyauta ce, haka nan VMware Server tun 2006, kuma ɗaya daga cikinsu tana cikin wani faifai a durowar shagon. Na san da irin waɗannan manhajoji ana iya ƙirƙirar kwamfutar kwaikwayo a cikin ta gaske, wadda faifanta fayil ne kawai, idan aka yi masa fomatin sau ɗari babu abin da zai taɓa na waje. Windows Home Server ɗin tana neman rabin giga na ram da faifai mai giga 70, kuma faifan kwaikwayo ba ya cin wuri sai gwargwadon abin da aka zuba masa, don haka da ta shiga, ko da da jan ƙafa. Abin da ya hana ni shi ne ina ganin gwaji aikin ɗan koyo ne, ni kuwa a unguwar ni ake kira idan kwamfuta ta ƙi tashi.

Mun ceto wasu hotunan da manhajar tono fayil, sunayensu duk sun koma lambobi, wasu rabinsu toka-toka. Kundin malamin sai da muka sake bugawa daga takardun hannunsa, a kan kuɗina, kuma bai sake kawo mini aiki ba. Wata amarya ta zo da ƙawarta karɓar hotuna, na rasa da wane baki zan yi mata bayani. Muryar mahaifina ba ta dawo ba. Garin neman gira na rasa ido, domin na je neman abin da zai tsare mini aikin mutane ne na hallaka shi da kaina.

Da a nan labarin ya tsaya, da shawarata ta zo da sauƙi. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi, ni kuma gudun da na yi ya kai ni wani ramin. Wajen 2014 na yanke cewa ba zan sake ɗora wata uwar garke kai tsaye a kan ƙarfe ba. Na sa VirtualBox a kwamfuta mai Windows 7, na ɗora FreeNAS a ciki, manhajar uwar garken ajiyar fayil wadda yanzu ake kira TrueNAS, da niyyar gwaji na mako biyu. Na ƙirƙira mata faifan kwaikwayo guda biyu, na haɗa su da tsarin ajiyar fayil na ZFS yadda duk abin da aka rubuta a ɗaya zai shiga ɗayan, har ina yi wa abokai kuri cewa ko ɗaya ya mutu ina da ɗaya. Ban tsaya na yi tunanin cewa waɗannan faifai biyu fayil biyu ne da ke kwance a kan faifan gaske guda ɗaya ba. Kamar mutum ne ya raba kuɗinsa gida biyu saboda tsoron ɓarawo, sannan ya zuba duka a aljihu ɗaya.

Mako biyun ya zama shekara biyu. Abin yana aiki, yaran shago sun saba ajiya a ciki, ni kuma kullum ina cewa idan na samu sarari zan mayar da shi kan kwamfuta tasa ta kansa. Kafin kowane sabuntawa nakan ɗauki hoton yanayin kwamfutar kwaikwayon, irin wanda ake komawa gare shi idan abu ya lalace, har na tara fiye da goma, ina ɗaukarsu a matsayin kwafin ajiya. Ba kwafin ajiya ba ne. Kowane hoto bambancin da aka samu ne kawai a kan na bayansa, dukkansu kuma sun jingina da fayil na asali, a kan wannan faifai ɗaya dai. Wata rana da yamma aka ɗauke wuta aka dawo da ita sau uku a jere, batirin UPS ɗina ya riga ya mutu ban canza ba, da na kunna sai na ji faifan yana ƙas-ƙas-ƙas kamar agogon bango. Faifan kwaikwayo biyun da hotunan yanayin duk suka tafi tare. A wannan karon asarar ba ta kai ta farko ba, saboda wasu ayyukan suna nan a kwamfutocin yaran, amma kunyar ta fi, domin a lokacin ina koya wa wasu.

Zan iya cewa masu FreeNAS sun daɗe suna gargaɗin cewa ZFS tana son ta ga faifan gaske da kanta, kuma tana son ram kamar giga 8, ni kuwa giga 2 na ba ta. Zan iya kuma cewa kuɗin kwamfuta ta biyu ba ya hannuna a shekarar, wanda shi ma ba ƙarya ba ne. Amma kuɗin faifan waje guda ɗaya yana hannuna.

Na zauna da niyyar rubuta wa matasa shawarwari fiye da goma, amma da na tace su sai na ga ba su kai haka ba. Duk manhajar uwar garken da ba ka taɓa ɗorawa ba, fara ɗora ta a kwamfutar kwaikwayo, kuma ka karanta kowane shafi kafin ka danna. Shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin kwamfuta ta gama tashi, ka kunna saitin da kwamfutar kwaikwayo take buƙata, VT-x idan injinka na Intel ne, ko AMD-V idan na AMD ne. Kada ka ba baƙuwar, wato kwamfutar kwaikwayon, fiye da rabin ram ɗin mai masaukinta, wato ta gasken, in ba haka ba su biyun za su sandare. Ka ɗora, ka lalata da gangan, ka goge, ka sake ɗorawa, har sai ka san wane shafi ne yake cin faifai. Proxmox ɗin ma yana shiga cikin VirtualBox, kuma daga fitowar VirtualBox ta 6.1 ana iya kunna masa damar ya tayar da wasu kwamfutocin kwaikwayon a cikinsa a kan injin Intel, ko da yake tafiyar ba za ta yi daɗi ba. Wannan ya isa mutum ya buɗe shafinsa a ƙofa ta 8006 ya ga yadda ɗakunan gidan suke kafin ya tare.

Akwai abin da kullum yake sa yaran yanzu su yi zuciya su ce kwaikwayon ba ya aiki. Sun ɗora uwar garken, sun ɗauki waya, wayar ba ta ganin ta. Dalili shi ne VirtualBox tana ɓoye baƙuwar a bayan mai masauki ta ba ta adireshin 10.0.2.15, wanda babu wata na'ura a gidan da ta san hanyarsa. Sai an sauya katin sadarwar zuwa tsarin gada kafin ta karɓi adireshi daga rautar gida kamar kowa. Minti biyu ne aikin, amma sai an karanta, su kuwa idan abu bai zo a bidiyon minti takwas ba to babu shi a duniya. Idan ka yi gadar, ka lura kada manhajar da kake gwadawa ta fara raba adireshi da kanta, domin za ta yi karo da rautar, intanet ɗin gidan gaba ɗaya ya rikice, mahaifiyarka ta fito tana tambayar wa ya taɓa.

Sannan kada ka zuba ko fayil ɗaya da kake jin zafinsa a cikin abin gwaji. Ka rubuta ranar da za ka goge shi, idan ranar ta zo ka goge, ko da yana aiki lafiya, musamman ma idan yana aiki lafiya.

Na ce a fara da kwaikwayo, amma dole in ƙara da cewa kwaikwayo maƙaryaci ne. Ba ya nuna maka zafin watan Afrilu a ɗakin da babu fanka, ko ƙurar hunturu da ke toshe iskar inji, ko katin sadarwar da manhajar za ta ƙi ganewa a kan ƙarfen gaske, ko abin da ɗaukewar wuta take yi wa faifai yana tsakiyar rubutu. Wanda ya tsaya a kwaikwayo bai san uwar garke ba tukuna. Saboda haka ka nemi tsohuwar kwamfuta ta hannu wadda babu komai a cikinta ka ɗora kai tsaye, ka sha wahalarta. Na san na ce kada a yi haka. Abin da nake nufi shi ne kada a yi a kan kwamfutar da mutane suke ci da ita, kuma idan akwai faifan da ba ka son a taɓa, ka buɗe murfin ka zare wayarsa da hannunka kafin ka soka filashi. Wani lokaci har nakan ce a raina gara a bar yaro ya yi tasa asarar, tunda ni ma ba nasihar kowa ce ta koya mini ba. Amma lissafin shagon ba nasa ba ne.

Ɗan ƙanwata ya saurare ni yana juya wayarsa a hannu. Da na gama ya ce, "To Kawu, ai yanzu komai yana kan intanet, ko ya goge sai a sauko da shi." Na tambaye shi ko lissafin shagon yana can, ya ce bai sani ba, ya ɗauka Umma ta ajiye. Umman da aka kira ta ce ita ta ɗauka shi ya ajiye. Muka zare filashin, muka kwafe lissafin da aikin makarantarsa a faifan waje, na tsaya a kansa ya sauko da VirtualBox, ya ƙirƙiri kwamfutar kwaikwayo mai ram giga 4, ya ɗora Proxmox ɗinsa a ciki yana ƙorafin nauyi. Da zan tafi bayan magariba na hango filashin a aljihun rigarsa, sai na koma na ɗauki faifan wajen na sa a jakata, na gaya wa ƙanwata cewa yana wurina.