Hobbes dai matsoraci ne, to Locke fa?

Gaskiya da farko ni haushin Thomas Hobbes, masanin falsafar siyasa ɗan Ingila, nake ji. Mutum ya zauna ya rubuta littafi guda, Leviathan, a 1651, wai jama'a su tattara ikonsu kaf su miƙa wa mai mulki ɗaya kuma kar wanda ya ɗaga masa murya, na ce wannan ai ɗan koren masu kama-karya ne kawai. Sai da na bi tarihinsa jikina ya ɗan yi sanyi.

An haife shi a 1588, shekarar da jiragen yaƙin Sifaniya suka nufo Ingila, shi da kansa ya ce tagwaye mahaifiyarsa ta haifa, shi da tsoro. Ya girma kuma ƙasar ta yamutse, sarki da majalisa suka ja daga a 1642 ana ta kashe juna har a 1649 aka fille kan Sarki Charles na ɗaya a bainar jama'a, Hobbes kam tun 1640 ya ari na kare sai Paris, can ya yi rubutun. To wanda ya ga wannan in ya ce maka idan ba hukuma kowa abokin gabar kowa ne, ba noma ba fatauci ba barcin kirki, ai ba shaci-faɗi yake ba. A wurinsa zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, shi ke nan. Kuma fa bai ce daga sama aka naɗo sarki ba, ya ce mutane ne suka ƙulla yarjejeniya, ranar da mai mulki ya kasa kare ranka biyayya ta sauka daga wuyanka. Wannan maganar ko magoya bayan sarki ba ta yi musu daɗi ba.

John Locke, wani masanin falsafar ɗan Ingila, shi ne gwanina a da. Shi ma ya ɗanɗana gudun hijira, Holan ya gudu a 1683, bai dawo ba sai 1689 bayan an kori Sarki James na biyu. Maganarsa mai daɗin ji ce wallahi, mutum da haƙƙinsa ake haifarsa, ransa da 'yancinsa da dukiyarsa, ba gwamnati ce ta ba shi ba balle ta ce za ta ƙwace, mulki amana ne, wanda ya ci amana kuma jama'a na da ikon tuɓe shi.

Sai na zo na ga ashe mutumin nan yana da hannun jari a Royal African Company, kamfanin da ke jigilar bayi daga Afirka ta Yamma, kuma da hannunsa a rubuta kundin mulkin Carolina, wani yanki da Ingila ta mallaka a Amurka, na 1669 wanda ya ba ubangida cikakken iko a kan bayinsa baƙaƙe. Haba malam! Ashe da ya ce "kowa" akwai waɗanda bai lissafa ba. Masu kare shi na cewa ai sakatare ne kawai, abin da aka sa shi ya rubuta. To hannun jarin fa, shi ma sa shi aka yi?

Montesquieu, masani ɗan Faransa, ya zo a 1748 da batun raba iko tsakanin masu yin doka da masu zartarwa da alƙalai, wannan kam ba ni da ja. Amurkawa suka kwashi maganganun Locke a 1776, Thomas Jefferson, ɗaya daga jagororinsu, ya rubuta a takardar shelar 'yancin kansu cewa duk mutane daidai aka halicce su alhali bayi na masa noma. Faransa ta shelanta haƙƙin ɗan Adam a 1789, da marubuciya Olympe de Gouges ta ce to mata fa, ta rubuta nata a 1791, ba wanda ya saurare ta, a 1793 ma aka fille mata kai kan rubuce-rubucenta na siyasa.

Waɗanda suka ɗauki maganar da gaske, a ganina, bayin Haiti ne, wadda Faransa ke mallaka a lokacin. Sun ji ana cewa kowa ɗa ne, ba su tsaya jiran a fassara musu "kowa" ba, suka tashi a 1791 suka yi ta gwabzawa har suka kafa ƙasarsu a 1804. A 1825 Faransa ta turo jiragen yaƙi ta ce sai sun biya faran miliyan 150, diyyar asarar da iyayengijinsu na da suka yi.